Tambayoyi da Amsoshi Kan Metadata a Shafukan Kasuwanci da Manhajojin Kula da Wallafe-wallafe

Waɗannan su ne tambayoyin da masu shaguna da ma'aikatan kamfanoni da masu kula da shafukan ƙungiyoyi suka fi yi idan aka ce musu matsalar shafinsu tana cikin metadata. An amsa wasu a gajarce, an kuma tsaya a kan wasu, domin a nan ne aka fi yin asarar kuɗi da lokaci.

Mece ce metadata, kuma a ina take a shafin kamfani?

Metadata ita ce bayanin da ake rubutawa game da wani abu domin a san ko mene ne shi ba tare da an buɗe shi ba. Idan abin labari ne, metadatarsa ita ce sunansa da wanda ya rubuta shi da ranar da aka wallafa shi da harshen da aka yi shi a ciki. Idan kayan sayarwa ne, ita ce sunansa da lambarsa da farashinsa da launinsa, da kuma ko akwai shi a ajiye ko ya ƙare. Mai sayar da yadi ya san wannan aiki tun kafin zuwan kwamfuta, domin takardar da ke liƙe a jikin turmin atamfa, wadda ke faɗin kamfanin da ya buga ta da lambar zanen da yawan yadin, ita ce ke sa a gane turmin ba sai an warware shi ba.

A gidan yanar gizo ana samun ta a wurare uku. Akwai wadda ke saman rubutun HTML, wato rubutun kwamfuta da ake gina shafi da shi, na kowane shafi, wadda mai ziyara ba ya ganinta amma burauza da injinan bincike da manhajojin sada zumunta suke karantawa. Akwai wadda ke cikin rumbun bayanan manhajar da ake wallafa abubuwa da ita, kamar WordPress ko Drupal ko Shopify. Akwai kuma wadda ke cikin fayilolin kansu, wato hotuna da bidiyo da takardun PDF. Masana harkar adana bayanai sukan kasa ta gida uku: mai siffanta abu domin a same shi, da mai nuna yadda sassansa suke haɗe da juna, da ta gudanarwa, wadda ke faɗin mai haƙƙin mallaka da wanda aka yarda ya gyara da ranar da aka yi gyaran ƙarshe. Kamfanoni da yawa kashi na farko kawai suke kula da shi, alhali kashi na ukun ne ke ceton su ranar da aka samu saɓani kan wanda ya canza farashi.

Sabon abu ne da ya zo da intanet?

A'a, ma'aikatan ɗakunan karatu ne suka riga kowa. A shekarun 1960 Henriette Avram ta jagoranci samar da tsarin MARC a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, domin kwamfuta ta iya karanta katunan bayanan littattafai. A 1995 aka yi wani taro a garin Dublin na jihar Ohio a Amurka, wanda daga gare shi aka samu tsarin Dublin Core, mai gurabe 15 da suka haɗa da suna da marubuci da maudu'i da kwanan wata da harshe da haƙƙin mallaka. Daga baya ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 15836. Duk wanda ya duba guraben da manhajojin wallafa suke ba shi ya cike a yau zai ga cewa kusan tambayoyin nan ne ake sake yi masa.

Wace metadata ce ta fi muhimmanci ga wanda yake son a same shi a Google?

Taken shafi, wanda ake rubutawa a cikin alamar title. Shi ne yawanci rubutun da mutum yake latsawa a jerin sakamakon bincike, shi ne kuma sunan da ke bayyana a saman burauza. Bayansa sai taƙaitaccen bayanin shafi, wanda ake sa wa a alamar description, wanda sau da yawa shi ne layuka biyun da ke ƙarƙashin taken. Google ya bayyana cewa wannan bayani ba ya ɗaga matsayin shafi a jerin sakamako, amma shi ne abin da mai bincike yake karantawa kafin ya yanke shawarar latsawa ko wucewa, don haka amfaninsa ba ƙarami ba ne.

A ɗauki shagon da ke sayar da shadda yana da shafuka 300. Idan ba a kula ba, taken kowane shafi zai zama sunan shagon kawai, ko ma kalmar da manhajar ta zo da ita tun daga farko. Wanda ya nemi farar shadda mai yadi goma ba zai ga abin da zai nuna masa cewa ɗaya daga cikin shafukan nan amsarsa ce ba. Idan kuwa taken ya ce "Farar shadda, yadi 10" sannan sunan shagon ya biyo baya, bayanin kuma ya faɗi irin shaddar da farashinta da garuruwan da ake kai kaya, to an ba mai saye dalilin shiga. Kowane shafi yana bukatar takensa na kansa. Babu wata doka da ta ƙayyade tsawo, amma ana yanke rubutun idan ya wuce faɗin wurin da aka ware masa, shi ya sa masu aikin suke tsayawa a wajen harufa 60 ga take da wajen 155 ga bayani, suna kuma sa abu mafi muhimmanci a farko.

Ya kamata a sani cewa Google yana iya canza taken da aka rubuta, ko ya ɗauko wata jimla daga cikin shafin ya sa a madadin bayanin, idan ya ga hakan ya fi dacewa da abin da aka nema. Ya ƙara ƙaimi a kan canza take tun daga watan Agusta na 2021. An fi samun haka idan taken ya yi tsawo, ko an cika shi da maimaici, ko bai dace da abin da ke cikin shafin ba.

An ce idan aka cika gurbin keywords da kalmomi shafi zai hau sama. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. A shekarun 1990 wasu injinan bincike sun dogara da wannan gurbi, sai mutane suka riƙa cusa kalmomin da ba su da alaƙa da shafukansu har gurbin ya rasa daraja. A watan Satumba na 2009 Google ya sanar a fili cewa ba ya amfani da shi wajen jera sakamakon bincike. Duk wanda ya nemi a biya shi kuɗi domin ya cike wannan gurbi, aikin da ba shi da amfani yake sayarwa.

Me ya sa idan na tura adireshin shafina a WhatsApp ko Facebook hoto ba ya fitowa, ko wani hoto daban ya fito?

Domin waɗannan manhajoji ba sa zaɓen hoto yadda mutum zai zaɓa, alamomi suke nema a saman shafin. A 2010 Facebook ya fito da tsarin Open Graph, wanda ke da alamomi irin su og:title da og:description da og:image da og:url, kuma yanzu WhatsApp da LinkedIn da Telegram da wasu da dama suna karanta su. Idan babu og:image, manhajar za ta bar wurin babu komai ko ta ɗauko hoton da ta fara cin karo da shi, wanda zai iya zama tambarin kamfani ko hoton wani kaya daban. Girman da aka saba ba da shawara shi ne faɗin pixel 1200 da tsayin pixel 630, wato ƙananan ɗigogin da hoto ke haɗuwa da su, kuma yana da kyau fayil ɗin kada ya yi nauyi, domin hoto mai nauyi yakan ƙi fitowa a WhatsApp.

Ga ɗan kasuwar da mafi yawan cinikinsa ta hanyar tura adireshi a zaurukan WhatsApp yake zuwa, waɗannan alamomi sun fi masa komai muhimmanci, har fiye da abin da Google yake nunawa. Adireshi tsirara, babu hoto babu suna, mutane suna tsoron latsa shi, kuma suna da hujja, ganin yawan 'yan damfara. Wani abin lura shi ne manhajojin suna ajiye abin da suka fara karantawa na ɗan lokaci, don haka ko an gyara hoton tsohon zai iya ci gaba da fitowa. Facebook yana da wani shafi mai suna Sharing Debugger inda ake sa adireshin a umurce shi ya sake karantawa.

Ta yaya wasu shaguna suke sa farashi da taurari su bayyana a sakamakon bincike?

Suna amfani da bayanai masu tsari, wato metadatar da aka rubuta da kalmomin da injina suka yi ittifaƙi a kansu. A watan Yuni na 2011 Google da Bing da Yahoo suka ƙaddamar da Schema.org, Yandex na Rasha kuma ya shigo a ƙarshen wannan shekara. Abin da suka samar ƙamus ne na bai ɗaya, inda akwai nau'i na kayan sayarwa da na shagon unguwa da na labari da na taro da na guraben aiki da na girke-girke, kowane nau'i da gurabensa. Ana iya rubuta su ta hanyoyi uku, amma Google ya fi ba da shawarar hanyar da ake kira JSON-LD, domin ana ajiye shi a waje guda ba tare da an cakuɗa shi da rubutun da mai ziyara yake gani ba.

Mutum idan ya ga "45,000" kusa da hoton shadda ya san farashi ne, ya kuma san da wane kuɗi ake magana. Inji ba ya da wannan tabbaci. Bayanai masu tsari su ne ke gaya masa cewa wannan lamba farashi ce, kuɗin kuma naira ne, ta hanyar rubuta NGN bisa ƙa'idar ISO 4217, ko XOF idan sefar Afirka ta Yamma ce, kuma kayan yana nan bai ƙare ba. Haka ake yi wa kwanan wata, inda ake bin ƙa'idar ISO 8601 a fara da shekara, sai wata, sai rana, domin 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Idan kayan yana da lambar GTIN, wato lambar da ke ƙarƙashin zanen layukan da ake haskawa a kanti, sa ta yana taimaka wa injin ya gane cewa kayan nan shi ne wanda wasu shaguna ma suke sayarwa.

Akwai sharuɗɗa biyu da bai kamata a yi wasa da su ba. Na farko, abin da aka faɗa wa inji dole ya zama shi ne abin da mutum yake gani a shafin. Idan shafin ya ce 45,000 amma bayanan da ke ɓoye suna ɗauke da tsohon farashi na 38,000, mai saye zai shigo da tsammanin da ba za a cika masa ba, kuma a wurinsa shagon ne ya yi ƙarya ko da kuskuren manhaja ne. Google ma yana iya hukunta shafin da bayanansa suke yaudara ta hanyar hana shi wannan ƙarin kwalliya. Shi ya sa ya kamata farashin da ke cikin bayanai masu tsari ya riƙa fitowa kai tsaye daga gurbin da farashin shafin yake fitowa, kada a rubuta shi da hannu a wuri biyu. Na biyu, sa waɗannan bayanai ba alkawari ba ne cewa za a nuna su. A 2019 Google ya daina nuna taurarin yabon da kamfani ya tattara wa kansa a shafinsa game da kansa. A 2023 ya taƙaita nuna jerin tambayoyi da amsoshi a sakamakon bincike ga manyan shafukan gwamnati da na kiwon lafiya. Wanda ya gina tsarinsa a kan wata kwalliya guda zai iya wayar gari ya ga an cire ta, amma wanda bayanansa suke daidai kuma a tsare bai yi asarar komai ba.

A cikin manhajar wallafa kanta, wane aiki metadata take yi?

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi rainawa, kuma a ganina shi ne mafi girman amfani. Manhaja irin WordPress, wadda aka fara a 2003 kuma yanzu take ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na gidajen yanar gizo na duniya, ba ta ajiye shafuka a matsayin takardu kammalallu. Tana ajiye rubutu a gurbi guda, take a wani, marubuci da kwanan wata da rukuni kowanne a nasa, sai ta haɗa su a lokacin da wani ya buɗe shafin. Jerin sababbin labarai, da akwatin da ke nuna kayayyaki masu kama da wanda ake kallo, da maɓallan da mai saye yake tace kaya da su bisa launi ko farashi, duk daga waɗannan gurabe suke fitowa. Idan gurbin launi babu komai a cikinsa, mai neman baƙar shadda ba zai gan ta ba ko da tana cike da sito.

WordPress yana ba da hanyoyi biyu na kasa abubuwa: rukunai, waɗanda ake iya jera su wani a ƙarƙashin wani, da laƙabobi, waɗanda ba su da wannan jeri. Drupal, wanda ya fito a 2001, ya yi suna wajen ba da damar gina jerin kalmomi masu zurfi, shi ya sa gwamnatoci da jami'o'i da yawa suke amfani da shi. Ko wace manhaja ce, ɓarnar iri ɗaya ce. Ma'aikaci na farko ya rubuta "atamfa", na biyu ya rubuta "atampa", na uku ya rubuta "zanen atamfa", na huɗu ya sa sunan Turanci. A wurin manhajar waɗannan abubuwa huɗu ne daban, kowanne da shafinsa, kowanne ɗauke da wani kaso na kayan. Bayan shekara biyu sai a tarar da laƙabobi sun fi kayan yawa, kuma da yawansu abu ɗaya tak suke ɗauke da shi.

Maganin wannan shi ne ƙayyadadden jerin kalmomi. A zauna a amince da sunan da za a riƙa kiran kowane abu da shi, a rubuta, a sa manhajar ta ba ma'aikaci zaɓi daga jerin maimakon ta bar shi ya rubuta abin da ya ga dama, sannan a ce mutum ɗaya ne ke da ikon ƙara sabuwar kalma. Sauran sunayen da masu saye suke amfani da su ba za a zubar da su ba, za a ajiye su a matsayin masu ma'ana ɗaya domin akwatin binciken shagon ya gane su. Wajen zaɓen kalma kuma a bi bakin masu saye, domin sunan da ke kan takardar dila ba lallai ne ya zama wanda mai saye yake nema da shi ba. Kalmomin da mutane suke rubutawa a akwatin binciken shagon, musamman waɗanda ba su samu sakamako ba, su ne mafi kyawun jagora.

Sai metadatar gudanarwa. Kowane shafi ya kamata ya kasance da matsayi, wato daftari ne ko yana jiran amincewa ko an wallafa shi, da sunan sashen da ke da alhakinsa, da ranar da za a sake duba shi. Wannan gurbi na ƙarshe manhajoji da yawa ba sa zuwa da shi, sai an ƙara, amma shi ne ke hana sanarwar rangwamen sallar bara ci gaba da zama a shafi, ko tsohuwar lambar asusun banki ta ci gaba da karɓar kuɗin mutane. Idan akwai gurbin, kowane wata ana iya fitar da jerin shafukan da lokacin duba su ya yi. Idan babu, sai abokin ciniki ya kira cikin fushi kafin a san akwai matsala.

Kaya ɗaya yana da adireshi da yawa a shafina. Hakan yana da illa?

Yana iya rarraba darajar shafin, ya kuma sa injin bincike ya nuna adireshin da ba shi ake so ba. Wannan yana faruwa ne idan ana iya isa ga kaya ta rukunai biyu, ko tacewa da lambobin bin diddigin talla suna ƙara wa adireshin jela. A watan Fabrairu na 2009 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da alamar canonical, wadda ke cewa ga adireshin asali. Google yana ɗaukarta a matsayin shawara mai ƙarfi, ba umurni ba.

Alamar noindex kuwa umurni ce, tana cewa kada a sa shafin a sakamakon bincike. Tana da amfani ga shafin kwandon saye da shafin godiya bayan biya. Haɗarinta shi ne masu gina shafi sukan kunna ta ga gidan yanar gaba ɗaya lokacin da suke aiki, WordPress ma yana da akwati guda da ke yin haka a cikin saitinsa, kuma idan aka manta ba a kashe ba ranar buɗewa, kamfanin zai yi watanni ba a ganinsa. Wannan ne abu na farko da ya kamata a duba idan sabon shafi ya ƙi bayyana. Kada kuma a haɗa noindex da toshe shafin a fayil ɗin robots.txt, wato fayil ɗin da ke gaya wa injinan bincike inda ba za su shiga ba, domin injin da aka hana shiga ba zai ga umurnin da ke ciki ba. Taswirar shafuka, wato fayil mai jera adireshin shafukan gidan yanar domin injinan bincike, wadda manyan injinan suka amince da tsarinta a 2006, tana ɗaukar adireshi har 50,000 a fayil guda, kuma ranar gyaran ƙarshe da ke cikinta tana da amfani ne kawai idan gaskiya ce.

Shafina yana da Hausa da Turanci, ko Hausa da Faransanci. Me ya kamata in sa?

Abubuwa uku. Na farko shi ne alamar lang, wadda ke faɗin harshen shafin, kuma lambar Hausa a ƙa'idar ISO 639-1 ita ce ha. Shiryayyun ƙirar shafuka da yawa suna zuwa da en, wato Turanci, kuma idan aka bar shi haka burauza da manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu za su ɗauki Hausar a matsayin Turanci. Na biyu shi ne hreflang, wadda Google ya fito da ita a 2011, wadda ke haɗa shafi da takwaransa na wani harshe domin a nuna wa kowa wanda ya dace da shi. Dole ne kowane shafi ya nuna ɗan'uwansa, shi ma ya nuna shi, idan ba haka ba ana iya watsi da alamar. Ana iya ƙara ƙasa, kamar ha-NG ga Nijeriya da ha-NE ga Nijar, idan farashi ko kuɗin da ake amfani da shi ya bambanta.

Na uku shi ne tsarin harufa, wanda ya kamata ya zama UTF-8 a shafin da kuma rumbun bayanan. Idan ba haka ba, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, za su koma alamomin tambaya ko wasu zane-zane marasa ma'ana. Ya kamata kuma a tuna cewa mutane da yawa suna rubuta bincikensu ba tare da harufa masu lanƙwasa ba, don haka a gwada akwatin binciken shagon a tabbatar wanda ya rubuta "karfe" zai samu kayan da aka rubuta "ƙarfe". Take da bayanin shafin Hausa kuma da Hausa za a rubuta su, kada a bar na Turancin.

Hotuna da takardu fa?

Kowane hoto mai ma'ana yana bukatar rubutun alt, wato gajeren bayanin abin da ke cikinsa. Shi ake karanta wa makaho, shi yake fitowa idan hoton ya ƙi buɗewa saboda raunin intanet, kuma injinan bincike suna amfani da shi wajen gane hoton. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafuka ga masu bukata ta musamman sun wajabta shi. "Farar shadda mai zanen ganye" ya wadatar, ba a bukatar jerin kalmomin talla.

A cikin fayil ɗin hoton kuma akwai bayanan Exif, waɗanda kyamara ko waya take rubutawa da kanta, kamar irin na'urar da lokacin ɗauka, da wurin da aka ɗauka idan an kunna GPS. Akwai kuma guraben IPTC da XMP, inda ake rubuta sunan mai hoton da haƙƙin mallaka, waɗanda ya kamata a kiyaye su. Bayanan wuri ne abin tsoro. A watan Disamba na 2012 mujallar Vice ta wallafa hoton John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar kare kwamfuta na McAfee, lokacin da yake ɓoye, sai bayanan da ke cikin hoton suka nuna yana ƙasar Gwatemala. Matar da ke sana'a a cikin gidanta, tana ɗaukar hoton kaya a ɗakinta tana sa wa a shafinta, za ta iya bayyana inda take zaune ba da saninta ba, domin manyan dandalin sada zumunta suna goge waɗannan bayanai daga hoton da jama'a suke gani, amma shafin mutum na kansa ba lallai ne ya goge ba. Takardun Word da PDF su ma suna ɗauke da sunan wanda ya rubuta, wani lokaci har da gyare-gyare da sharhin da aka yi a ciki. Kafin a ɗora takardar farashi ko ta kwangila a duba waɗannan gurabe. Bayanin da zai iya nuna ko wane ne mutum ko inda yake yana cikin abin da dokokin kare bayanai suka shafa, irin su GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 da dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023.

Ba za a iya barin manhaja ta rubuta duk wannan da kanta ba?

Wani ɓangare za a iya, kuma ya kamata. Kwanan wata da girman hoto da canonical da taswirar shafuka da bayanan farashi aikin inji ne, kuma ƙananan manhajoji irin su Yoast SEO da Rank Math suna yin su da kyau a WordPress. Shagon da ke da dubban kaya zai iya tsara ƙirar take guda, sunan kaya sai nau'insa sai sunan shago, manhajar ta riƙa cikewa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma suna iya ba da daftarin bayani ko na alt, amma sukan faɗi abin da babu shi, kamar su kira yadi auduga zalla alhali gauraye ne, kuma Hausarsu tana bukatar gyara. Duk abin da ya zama iƙirari game da kaya, mutumin da ya san kayan ne ya kamata ya karanta shi kafin ya fita.

Ƙaramin kamfani da ba shi da ma'aikacin fasaha, ta ina zai fara?

Ya fara da sanya sunan mutum ɗaya da alhakin zai rataya a wuyansa, ko da mai shagon ne da kansa. Sannan a fitar da jerin duk shafukan a takardar lissafi ta Excel ko makamanciyarta, kowane layi da adireshi da take da bayani da rukuni, domin a wannan jeri ne ake ganin guraben da babu komai da taken da aka maimaita. Ba sai an gyara duka a lokaci guda ba. A fara da shafin farko, da shafin adireshi da lambar waya, da kayan da aka fi saye, a tabbatar sunan kamfani da adireshinsa da lokutan buɗewa iri ɗaya ne a ko'ina, har da bayanan kamfanin da ke kan taswirar Google.

Kayan dubawa kyauta ne. Google Search Console yana nuna shafukan da Google ya sa a kundin bincikensa da waɗanda aka bari da dalilin barinsu, da kalmomin da mutane suka nema har suka ga shafin. Rich Results Test yana nuna kurakuran bayanai masu tsari. Tura wa kai adireshin a WhatsApp yana nuna abin da abokin ciniki zai gani. Idan kuma za a sauya manhaja ko a ba wani sabon mai gina shafi aiki, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa zai kwaso take da bayani da alt da rukunai da ranakun wallafa na asali, zai kuma karkatar da kowane tsohon adireshi zuwa sabonsa da lambar 301, wadda ke gaya wa burauza da injinan bincike cewa shafin ya koma sabon wuri na dindindin, sannan a gwada wasu daga cikin tsofaffin adireshin kafin a biya kuɗin ƙarshe.